Manhajar da Ta San Mai Ita

Rana ta take, fankar ofis ta mutu, sai ga wata budurwa ta faɗo komisariyar 'yan sanda tana haki. Sunanta Zulaikha. An ɗauke mata kwamfuta a kamfanin da ta je intabiyun aikin rubuta manhaja.

"Ina kika ajiye ta?" in ji Sufeto Muttaka.

"A ɗakin jira, yallaɓai, na bar ta a kunne. Alwala kawai na fita. Manhajar da suka ce kowa ya rubuto tana ciki. In la'asar ta yi ban nuna ba, wani za su ɗauka. Na gaji da yawon neman aiki!"

Sufeto ya ja tsaki. Mutumin da wayarsa ma sai 'yarsa ta saita masa, yau shi aka haɗa da kwamfuta.

Kamfanin yana bayan babbar kasuwa, Grand Marché. Mai gadi ya rantse ko motsi bai yi ba daga ƙofa.

"To wannan kofin shayin da ke tururi, daga sama ya faɗo?"

Mai gadi ya sosa ƙeya. Shaida ta tashi a banza.

A ɗakin janareto Sufeto ya tsinci jakar kwamfutar, wayam, a kan dabe mai naso da baƙin mai.

Masu neman aikin saura biyu. Lubna tana gaban masu tambaya lokacin satar, darakta ya tabbatar. Ismaël kuwa ya ce masallaci ya tafi.

"Masallacin naku da baƙin mai ake share shi?" Sufeto ya nuna takalminsa.

"A hanya na taka."

"Lubna kuma ta ce da safe ka gaya mata manhajarka ta ƙi tashi."

"Na gyara ta."

Darakta ya leƙo yana duban agogo. "Sufeto, aiki ne da mu. Wanda ba shi da abin nunawa ya tafi gida."

Haushi ya turnuƙe Sufeto. Ya san ɓarawonsa, amma sani ba hujja ba ne. Ya ja Zulaikha gefe. "Babu wata alama da za ki gane taki?"

Ta sunkuyar da kai. "In ina gwaji, nakan saka wa kaina saƙon faɗa a duk inda kuskure zai fito. Ban kai ga gogewa ba."

Ismaël ya shiga gaban masu tambaya, Sufeto na biye da shi, ya kunna tasa kwamfutar, yana zuba Faransanci kamar ruwa. Sunansa ne a saman manhajar, launi ma daban.

"Kawo in taɓa," in ji Sufeto.

A gurbin lambar waya ya danna haruffa barkatai, abin da ya fi iyawa ke nan. Allo ya yi ja, rubutun Hausa ya fito ɓaro-ɓaro: "Zulaikha, kin sake shirme. Tashi ki sha ruwa."

Sufeto ya fassara wa darakta.

"Na kwafa ne," in ji Ismaël. "Kwamfutarta tana cikin kwali a bayan janareto. Wallahi na gaji da jin 'za mu kira ka'."

"Ita ma ta gaji, ba ta ɗauki na kowa ba," in ji Sufeto. "Mu je."

Suna bakin ƙofa aka fara kiran la'asar. Sufeto ya ji muryar darakta a bayansa.

"Madamuwazal Zulaikha, sha ruwan, ki zo ki yi mana bayanin shirmen nan naki."