Gashin da Ya Zubo Har Kugu

Shekara shida shagon ɗinkina yana manne da nata, bango ɗaya ne tsakaninmu. Gwana muke ce mata, kuma ta ci sunan. In mai dogon gashi ta zauna a gabanta, za ta taje shi, ta naɗe, ta tufke a tsakiyar kai kamar gammo, ko yini aka yi ana rawa sili ɗaya ba zai sauko ba. Amma shagon fayau. Ta buga takardun talla ta raba a bakin kasuwa, ta ɗauki hoton kan ƙanwarta gaba da baya ta watsa a waya, ta rage kuɗi, ta sake allon ƙofa sau biyu. Mata su yaba hoton, su tsallaka titi su shige sabon shagon da ke da kujeru masu juyawa.

"Anti Tela, duba min don Allah," in ji ta wata rana, tana huci. "Waccan ko tsaga ba ta iya ja daidai ba! Ni me na yi wa mutane?"

Na ce, "Ki ƙara haƙuri, ƙanwata, lokaci ne."

"Haƙurin nan ya ishe ni."

Matar da ke kawo mata gashin doki ce ta yi mata kwatancen wani boka. Yadda aka yi a can, Gwana da bakinta ta gaya min bayan komai ya lalace. Da rana tsaka ta je, amma ɗakin duhu ne, babu taga. Bangon duk kitso ne da aka yanko daga kawunan mutane, an rataye jere-jere. Warin ƙonannen gashi ya cika wurin. A tsakiya akwai baƙar tukunya cike da mai, man yana motsi ba tare da an taɓa shi ba.

"Kasuwa kike so ko suna?" in ji boka.

"Duka."

Ya tsoma hannu a tukunyar ya zaro matajin ƙashi. "Duk kan da wannan ya ratsa sau uku, gashinsa zai zubo har kugu."

"Nawa zan biya?"

"Ba na karɓar kuɗi. Ki kawo min sili ɗaya daga kan duk wanda ke kwana a gidanki."

"Me za ka yi da shi?"

"Na tambaye ki abin da za ki yi da kuɗin? Gashi dai daga wani wuri ake ɗebo shi. In ba ki so, ajiye min kayana."

Ba ta ajiye ba. Washegari ta kai masa sili uku: na mahaifiyarta, na ƙanwarta, da na 'yarta mai shekara tara.

Cikin wata biyu sai da na riƙa ara mata benci. Mace ta zo da gashi iya wuya, ta dawo da shi yana dukan gadon baya. Amare suka riƙa kama layi tun sati uku kafin ranarsu. Gwana ta sayi drayar busar da gashi huɗu, ta sa madubi bango guda, ta yi mota. Shagon tsallake ya rufe.

Sai mahaifiyarta ta fara tashi tana tarar da gashinta a kan matashi. Kan ya zama tal, jikin ya bi, kullum tana tsotsewa, asibiti suka ce ba su ga komai ba. Ta rasu. Ƙanwar kuma ta wayi gari tana yagar fatar kanta tana ihu wai ana jan ta. Sai da aka ɗaure mata hannuwa.

A lokacin Gwana ta shigo shagona ta faɗa min komai. Na kama kafaɗarta na jijjiga.

"Ki jefar da abin nan yau! Yau ɗin nan!"

"Anti, akwai amarya da ƙawayenta goma ranar Asabar. In na gama su na daina, wallahi."

"'Yarki fa? Kin duba kanta?"

"Kaɗan ne ya zube."

Na roƙe ta, na yi mata faɗa, har kuka na yi. Ranar Asabar ta buɗe shago. Tana kan kai na bakwai maƙwabciyarta ta kira waya: yarinyar ta faɗi a tsakar gida, ba ta tashi ba.

Bayan an binne ta, Gwana ta ruga wurin boka ta jefa masa matajin. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Saura naki," ya ce. "Ranar da kika durƙusa gaishe ni na tsinka."

Yanzu tana nan bakin kasuwa, kai ƙwal, zani a yage. Duk mace mai dogon gashi da ta gifta sai ta bi ta da gudu tana roƙo: "Baiwar Allah, ba ni, na 'yata ne!" Yara na dariya. Ni kuwa in na kai mata abinci ba ta gane ni.

Har yau takaici bai bar ni ba, don hannunta kaɗai ya isa ya ciyar da ita da an jira. Ke da kike zaune a shago babu ciniki, zuciya tana tafasa, ki ji ni da kyau: duk wanda ya ce zai ba ki arziki ba ya son kuɗinki, mutanen gidanki yake ƙirgawa.