Wasiyyar Saja Rufa'i

Amatullah na tsakar gida tana yanka albasa mahaifinta Alhaji Magaji ya shigo yana huci, ko sallama bai yi ba.

"Ke! Yaron ga da ka zowa bisa mashin, malamin makarantar Maiyama, ɗan wa na?"

"Zaharaddeen, Baba? Ɗan Malam Nafi'u na, na Aliero."

"Malam! Yau kuma mahauci ya zama malam? Na aika an bincika. Ubanai pawa shikai kasuwar Aliero, kakanai Bala ma mahauci na. Jikar Saja Rufa'i za a kai gidan da ƙudaje ka amsa sallama? Tir!"

"Baba, wallahi shina da satifiket, ga hankali..."

"Satifiket ba shi wanke ƙarni. Ki hwaɗa mai ran Juma'a bayan la'asar shi taho da manyanai, shi kawo asalinai in shina da shi. Ni ko in gwada mai nawa gaban jama'a."

Amatullah ta saki wuƙa ta fashe da kuka. Shekara biyu suna son juna, ba ta taɓa kula wani ba.

Alhaji Magaji dillalin albasa ne a Jega, amma babban jarinsa sunan ubansa. Tun da aka yanke jihar Kebbi bara, kowane mai babbar riga ya kama karkaɗe asalinsa ko a yi rabon sarauta da shi, Alhaji kuwa ya fi kowa zaƙewa. Ka gaishe shi da sanyi, zai kai ka yaƙin duniya a ƙasar Bama, inda wai ubansa Saja Rufa'i ya kori Jafanawa kamar ana korar awaki daga gona. Yana ɗan shekara goma sha uku uban ya rasu. Ya bar wasiyya da aka rubuta gaban alƙali a zamanin Turawa, kawun Alhaji ya ɗinke ta cikin jar fata ya ce masa asalin gidansu ne a ciki. Shekara kusan arba'in Alhaji na taƙama da takardar nan, bai taɓa buɗe ta ba!

Da saƙon ya iske Zaharaddeen, sai ya hau mashin ya nufi Mungadi wurin kakarsa Gudiya, matar marigayi Bala. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ja tsaki mai tsawo.

"Ɗan wa ka ce? Rufa'in Jega? Saja?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Jawo min adudun can."

Daga ƙarƙashin tsofaffin zannuwa ta zaro wani ɗan littafi da ya dafe don tsufa. Littafin sallama daga soja ne, da Turanci. Zaharaddeen ya karanta a hankali. Suna: Rufa'i. Gari: Jega. Muƙami: saja. Alama: ya rasa yatsu uku na hannun dama a fagen fama.

"Inna, mi ya kawo littahin Rufa'i cikin kayanki?"

"Rufa'i ya mutu da yatsunai goma cif, ɗan nan. Kakanka na ba shi da ukku."

Ta ba shi labari tiryan-tiryan. Lokacin da Turawa suka ce kowane gari ya ba da samari, sunan Rufa'i ya shiga takarda. Ubansa attajiri ne, shi ne kuma ubangidan su Bala, don a rumfarsa suke fawa. Sai aka ce wa Bala ya je ya amsa sunan. Shi kuwa Rufa'i aka sulale da shi fataucin goro Gwanja, bai dawo ba sai da sojoji suka dawo, ya shigo gari cikin ayarinsu. Bala ya komo da hannun da ba ya riƙe wuƙa, aka roƙe shi ya yi nesa da Jega, ya tare a Mungadi ya kame bakinsa har kabari.

"Ga makaminka," in ji Gudiya. "Tahi ka kunyata shi."

Zaharaddeen ya daɗe yana juya littafin. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma ya miƙa mata abinta.

"Sori, Inna, ba ni iyawa. In na tozarta uban, da wane ido zan dubi ɗiyar? Kaka ya rufe sirrin ga, ni ma na rufe."

"Kai dai anka yi sakarai! To ni za ni, in ga mai asalin da idona."

Ranar Juma'a zauren Alhaji ya cika maƙil, don shi da kansa ya gayyato dillalai da maƙwabta su sha kallo. Ya hakimce bisa kilishi, ya bar wa Zaharaddeen da ubansa da kakarsa tsohuwar tabarma a bakin ƙofa. Malam Nafi'u ya miƙa hannu, Alhaji ya ba shi kan yatsu, sannan ya goge su a riga. Amatullah na maƙale a bayan ƙofar cikin gida, ta kasa kunne.

"To, malamin boko, ina asalin?"

Zaharaddeen ya sunkuyar da kai. "Alhaji, mu mahauta na, ɗiyan mahauta. Ba mu da abin da ya hi wannan."

Zaure ya ɗauki dariya. Alhaji ya ɗaga jar fatar sama yadda kowa zai gani, ya miƙa wa Liman Waliyyu.

"Allah shi gafarta Malam, farke ta. Ɗaga murya, har na waje su ji yadda asali yake!"

Liman ya sa aska ya yanke ɗinkin. Takarda ce da ajami, ga hatimin alƙali a ƙasa. Ya yi bisimilla ya fara, sai ya tsaya ya dubi Alhaji.

"Alhaji, ko mu keɓe?"

"Karanta! Mi za a ɓoye?"

Liman ya gyara murya. "Ni Rufa'i, ina cikin ciwon ajali, ina shaida wa Allah ban taɓa ganin yaƙi ba. Bala mahauci shi ya tafi da sunana, ya zubar da jininsa, ni na sha kirari. Na ji kunyar mutane, yanzu ina tsoron Ubangiji. Ina yi wa zuriyata wasiyya: duk abin da gidan Bala ya nema a gidana, kada a hana su, kuma kada ɗana ya ɗaga kai a gabansu."

Wani dillali ya yi tari don ya danne dariya.

"Ƙarya na!" Alhaji ya zabura. "An musanya takardar!"

"Ɗinkin kawunka na, ni na farke shi yanzu gabanka," in ji Liman.

Gudiya ta kwance bakin zanenta, ta jefa littafin sallamar bisa kilishi. "Ga shaida ta biyu. Tun Talata jikana ya karanta shi, na ce shi kunyata ka, ya ƙi. Kai ka tara jama'a, kai ka sa aska."

Gumi ya jiƙa wa Alhaji hula. Masu magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, shi kuwa da ƙafa biyu ya auna zurfin nasa. Ya goge fuska, ya ce:

"To... wasiyya dai wasiyya ta. Na ba shi yarinyar."

"A'a!" Gudiya ta daka masa tsawa. "Yatsun mijina ba sadaki ba na. Ba mu zo karɓar diyya ba, kuma ɗiyarka ba buhun albasa ba ta. In tana so, ta hwaɗi da bakinta. In ka yarda, ka yarda don yaron ya isa."

Sai ga muryar Amatullah daga bayan ƙofa, kowa ya ji ta.

"Ina so, Inna. Tun ban san wa ya tahi yaƙi ba nike so."

Alhaji ya dubi Zaharaddeen, yaron da ya riƙe abin da zai gama da shi ya zauna ana yi masa dariya. Kunya ta rufe shi har ƙwalla ta zubo. Ya tashi daga kilishi, ya tako har bakin ƙofa, ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, yaron ya isa. Wallahi ya hi ni. Ku gahwarta muna, ni da ubana."

Gudiya ta daɗe tana kallonsa sheƙeƙe kafin ta ce, "Ni na yahe. Na Bala kuwa, sai kun gamu."

Bayan girbin albasa aka ɗaura aure, aka kai amarya Maiyama. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa, Zaharaddeen ya sha nasa ba tare da ya zubar da mutuncin kowa ba. Yara masu tasowa, ku riƙe wannan: sana'ar halal ba ta ƙasƙantar da mutum, kuma babu asalin da ya wuce hali. Kafin ka aika a tono kakan wani, fara tambayar abin da naka ya bari a rufe.