Buhu Huɗu Marasa Suna

Zainul Abidin na zaune kan buhun gero a siton ƙungiyar manoma ta Yashe, yana ta danna kalkuleta, sai ga wata budurwa ta yi sallama da kwanon fura.

"Baba, ga fura. Baƙon ma ya sha, na ga lissafin na neman kayar da shi."

Zainul ya ɗago kai, daga nan ya manta lambar da yake riƙe da ita. Kamila ce, ɗiyar Malam Bube ma'ajin ƙungiya.

Shi Zainul akanta ne. Bayan kaka ƙungiyoyin manoma kan ɗauko shi daga Kankia ya duba masu littattafai. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami a Tafashiya, ɗaki guda yake haya a Kankia, kuma in ya dawo aiki babu mai ce masa sannu da zuwa. Shi ya sa furar nan ta shiga ransa fiye da kima. Aikin yini biyu ya koma na mako biyu.

Sai dai littafin ya ƙi daidaita. Manoma na karɓar taki bashi, su biya da gero. Ranar biya Malam Bube ne ke ƙirga buhuna yana kiran sunan mai su, Kabo sakatare na rubutawa a shafin mutum. Da Zainul ya haɗa jimilla, geron da ya shiga sito ya fi wanda aka rage wa mutane a bashinsu da buhu huɗu. Ya bi layi-layi bai ga inda kuskuren yake ba. Sai ya yi abin da aka koya masa, ya buɗe asusun wucin gadi, ya ajiye bambancin a ciki har ranar da za a gano tushensa.

Ya yi wa kwamiti bayani cewa ba a ce wani abu ya ɓace ba. Amma kafin la'asar labari ya zaga Yashe, wai ɗan Kankia ya kama Malam Bube da buhu huɗu.

Jaji, ɗan shugaban ƙungiya, wanda ya daɗe yana neman Kamila, ya tare shi a bakin sito.

"Malam, mi ye na wahala? Goge lamba guda ka rubuta daidai. In kuɗi ne ni in cika, tsoho ya huta."

"Ban iya goge abin da ban san dalilinshi ba," in ji Zainul.

Maganar nan ita aka kai wa Malam Bube, har da ƙarin gishiri. Da kawun Zainul ya je neman izinin zance, tsohon ko tabarma bai shimfiɗa ba.

"Zainul Abidin? Zainul Abidin da ya rataye mani mutunci a takarda? Shekara da shekaru ina riƙe da makullin nan, ko tsaba guda ba ta taɓa bin aljihuna ba. Ban ba shi ɗiyata. Ku gaya mashi haka nan."

Zainul ya koma ɗakinsa. Ɗakin bai canja ba, amma yanzu shirunsa ya yi masa yawa. Da yamma yakan sayi shayi a bakin tasha, ya zauna yana kallon motocin Kusada suna cika suna tashi. Ya sani sarai, da ya goge lamba ɗaya da yanzu ana maganar sadaki, kuma wannan tunanin na cin ransa.

Saƙon waya kawai ya rage masu, shi da Kamila.

"Malam Lissafi, ka ci abinci? Kar ka ce mani shayi."

"Kamilata, shayin ne. In na goge lambar nan na samu ke, amma duk mai son zagin Baba zai ce rufa mashi asiri aka yi. So nike a wanke shi tas."

"Na sani. Amma kewa ta ishe ni, Zain. Jaji ya aiko da kaya, na ƙi ko buɗawa."

Haka aka yi ta tafiya har zafin bazara ya kama. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, saƙonta ya shigo.

"Yau Yaya Ummaru ya kira daga Legas wurin ci-rani. Baba ya amsa, ya ce 'kai, lafiya?' ya miƙo mani wayar. Ka san ɗan fari ne, tunda nike ban taɓa jin sunanshi a bakin Baba ba. Na yi dariya, sai kuma na tuna ka, na yi kuka."

Zainul ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya rubuta:

"Yayanki ya biya bashin takinshi kafin ya tafi?"

"Ƙwarai. Buhu huɗu, a gabana aka ɗora wa amalanke. Lafiya?"

Nan take ya hau mashin ya nufi Yashe.

Washegari kwamiti ya zauna a ƙofar sito. Zainul ya buɗe shafin Ummaru, bashi na nan cur kamar ba a biya ko tiya ba. Ya russuna gaban Malam Bube.

"Baba, ranar da babban ɗanka ya kawo geronshi, ka kira suna?"

Tsohon ya kawar da kai gefe.

"Yo in kira sunan wa? Ai na nuna ma Kabo shi da baki."

"Ni ko ina duƙe ina rubutu!" in ji Kabo. "Wallahi ban ga bakinka ba, Malam!"

Wuri ya kaure da dariya, har shugaban ƙungiya na share hawaye. Jaji ne kaɗai bai ga abin dariya ba, ya tayar da mashin ya yi gaba. A gaban kowa Zainul ya fitar da buhu huɗun daga asusun wucin gadi, ya rage su a bashin Ummaru. Asusun ya koma babu komai, ɓangarori biyu suka daidaita, ya ja layi ya rufe.

Malam Bube ya miƙe ya nufi gida. Amma a daren ya aika wa kawun Zainul cewa ƙofa a buɗe take.

An ɗaura aure kafin ruwan farko. Bayan an shafa fatiha mutane suka yi ta tururuwar gaisuwa, ango na rakuɓe gefe cikin babbar riga. Sai ya ji muryar Malam Bube yana tambayar Kabo.

"Ina yaron nan? Ku ce mashi ya shigo ya ci abinci."

"Wane yaro, Malam? Ka faɗi suna, kar a ƙara yin irin ta buhu huɗu!"

Tsohon ya kawar da kai, ya nuna Zainul da baki.

Zainul ya sunkuya, hawaye na ɗiga kan sabuwar rigarsa. Tun rasuwar mahaifinsa kowa ke kiran sunansa gatsau, babu wanda ya taɓa jin kunyarsa irin ta ɗa sai yau.

Allah Ya ba Kamila da angonta zaman lafiya, Ya cika ɗakin nan na Kankia da hayaniyar 'ya'ya. Amin.