Gajere Ya Ƙi Tashi

Auta tana da ɗan kare mai suna Gajere. Ƙafafunsa gajeru ne, amma wajen ɓarna babu kamarsa. Ranar da ya kora kajin maƙwabta cikin kwata, ran Baba ya ɓaci.

"Ko dai ya koyi tafiya da igiya, ko in kai shi gonar Kawu," in ji Baba.

Gonar Kawu da nisa, ita kuwa Auta tana son karenta.

Baba ya sayo ragama da igiya. Auta ta sa wa Gajere ragamar, ta ce, "Mu tafi!"

Gajere ya zauna daɓas. Ta ja, ya turje. Sai ta ba shi guntun nama don ta lallashe shi. Ya haɗiye, ya ɗan taka, ya sake zama. Ta sake ba shi.

Kullum haka. Abin ya ɗaure mata kai. Ta duba ƙafarsa ko ƙaya ce, ba ta ga komai ba. Ta sassauta ragama. Ta canza igiya. Har waƙa ta yi masa, a banza. Da ta cire ragamar sai gudu da tsalle, da ta mayar sai zama.

"In taimaka miki?" Mama ta tambaya tana shanya.

"A'a, na iya!" in ji Auta, alhali kanta ya kulle.

Ranar da Baba ya sa don gwada Gajere, ya tsaya a bakin ƙofa. Gajere ya zauna a gabansa, yana kallon aljihun Auta yana lashe baki.

Baba ya girgiza kai. "Zan kira Kawu."

Auta ta fashe da kuka, ta ruga wajen Mama. "Mama, na rasa gane kansa! Ko ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Yaushe kike ba shi naman?"

"In ya zauna."

"In yana tafiya fa?"

"Ba na ba shi."

"To, ke da za a riƙa ba ki alewa duk lokacin da kika zauna, za ki tashi?"

Auta ta buɗe baki. "Au! Ashe zama na koya masa!"

Ta roƙi Baba ya ƙara mata lokaci, ya amince. Yanzu in Gajere ya zauna, sai ta yi shiru ta jira. In ya taka a gefenta, ta yabe shi ta ba shi nama. Da farko shi ma ya rikice, yana ta karkata kai. A hankali ya gane.

Wata safiya suka zaga unguwa tare da Baba, igiya a sake, Gajere yana kaɗa wutsiya.

"Kawu ya nemi wani karen," in ji Baba yana dariya.

Auta ta rungume Gajere don murna. Ta koyi cewa halin da ka saka wa da lada shi ne yake ƙaruwa, kuma in abu ya shige maka duhu, ka tambayi na gaba. Matambayi ba ya ɓata.