Gahawar Da Ta Huce a Gidan Abu Firas

Ranar Talata bayan la'asar Gadir ta kifa tukunyar makluba a kan faranti, tana ɗagawa shinkafar ta rushe gefe guda. Mahaifiyarta Umm Firas ta dubi farantin, ta dubi 'yar, kuma duk wanda ya san matar ya san ta ƙulla abin a ranta. Saura kwana goma dangin Mu'ayyad su zo neman auren Gadir, kuma a benenmu mai hawa tara a Sharja babu ɗakin da bai ji cewa kamfanin dakon kayan da yaron yake wa aiki ya fara rage mutane ba.

Mahaifinta Abu Firas ma a kamfanin yake, shekara ashirin da shida yana shugabantar direbobi. Shi ya samo wa Mu'ayyad aikin akawu, shi ya riƙa aiko shi gida da takardu, har idon yaro ya faɗa kan Gadir. Mutum ne mai kirki, wannan ba na musu, sai dai mu 'yan garin Irbid da ke zaman neman abinci a nan mun san shi: gara ya kwana da yunwa da a ce an ga rigarsa ba guga.

Kowace Alhamis manaja yakan kira mutum biyu ko uku cikin ofishinsa na gilashi. Takarda tana kan tebur, an riga an buga ta, ta murabus ce. In ka sa hannu a ba ka wasiƙar yabo, in ka ƙi a ba ka ta sallama. A wannan Talatar Abu Firas ya gayyaci Mu'ayyad cin abinci, ya bari sai da aka kawo shayi sannan ya gyara zama.

"Ɗana, na ga sunanka a jerin jibi. In sun kira ka, ka sa hannu ka fito da mutuncinka. Ba za a ce a Irbid na ba korarre 'yata ba."

Gadir tana bakin ƙofa da tire a hannu. A kantin magani take aiki, kuma irin yaran nan ne da ba sa sa hannu a kan abin da ba su karanta ba. Ta ce wa mahaifin nata, "Yaba, inshorar rasa aikin nan da muke biya duk wata ba ta ba wanda ya ajiye aiki da kansa ko sisi. Sai wanda aka sallama ba da laifinsa ba. Wata uku take riƙe mutum kafin ya samu wani."

"Kuɗin da bai fi na shayi biyu ba shi zai koya min mutunci? Ajiye tiren ki ba mu wuri."

Washegari Mu'ayyad ya je kantin, ya tsaya a layi bayan wata tsohuwa kamar mai sayen maganin tari. Fuskarsa ta faɗa. Ya gaya mata bai ga mafita ba: in ya jira aka sallame shi ya rasa ta, in ya sa hannu ya rasa abin da zai riƙe shi a ƙasar, ga mahaifiyarsa da ke jiran saƙonsa duk wata, ga takardar zama da ke rataye da aiki.

Gadir ta ce, "To akawu, yau lissafi ya gagare ka? Wasiƙar yabon za ka dafa wa mamarka? Kar ka sa hannu a kan ƙarya don ka burge babana. Ba kai ka bar aikin ba, su suka bar ka. Ni zan jira."

"Ko shekara nawa?"

"Kar ka cika baki, ban ce shekara ba," ta ce tana dariya, idonta kuwa ya riga ya kawo ruwa.

Ranar Alhamis ya shiga ofishin gilashi, ya ture alƙalamin da ladabi, ya fito da takardar sallama a hannu. Kafin magariba labari ya iso hawa na tara.

Duk da haka danginsa suka zo ranar da aka sa, maza goma sha biyu cikin kwat, kawunsa a gaba. Aka zuba gahawa. Kawun ya karɓi kofinsa ya ajiye a gabansa, domin mai neman aure ba ya kurɓa sai uban yarinya ya ce a sha. Ya yi bayani mai daɗi, ya yabi gidan, ya roƙa. Abu Firas ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce Allah ya ba yaron wadda ta fi 'yarsa. Baƙin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kofin yana nan cike har ya huce. Gadir ta yi kuka kwana uku, ni da ke bango ɗaya da su ina ji, kuma raina ya ɓaci da dattijon ƙwarai.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Abu Firas bai shafa ba, domin a ganinsa mai shekara ashirin da shida ba ya taɓuwa. Alhamis ta uku aka kira shi. Ya shiga da hiraminsa ja da fari a goge, ya zaro alƙalaminsa na aljihu, ya sa hannu. Da yamma ya gaya wa mutanen masallaci cewa shi ya ga dama ya huta.

Hutun bai yi daɗi ba. Kamfani ya ce haƙƙinsa na ƙarshen aiki sai an sayar da motoci. Ya sa Gadir ta cika masa neman inshora a waya, a ɓoye, amsa ta dawo layi ɗaya: mai murabus ba ya cikin waɗanda ake biya. Ta karanta masa, ba ta ce ai na faɗa ba, shi kuma bai ɗaga kai ba. Albashinta bai kai kuɗin haya ba. Awarwaron Umm Firas suka fara raguwa a hannunta, har wata safiya na ga kwalaye jingine a ƙofarsu. A benenmu kowa ya san ma'anar kwali a ƙofa, iyali ne ke shirin komawa gida. Komawar kuwa da Gadir za a yi, kuma akwai ɗan baffanta a Irbid da aka fara ambata za a ba shi aurenta.

Sai dai wata ya ƙare mai benen bai aiko neman cikon kuɗin haya ba. Wani watan ma shiru. Abu Firas ya sauka wurin mai gadin bene ya tambaya, yana tsammanin mantuwa ce. Mutumin ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa: yaron nan da aka hana aure ne yake kawo cikon, ya kuma rantsar da shi kada ya faɗa. Inshorar ta biya Mu'ayyad kamar yadda Gadir ta ce. Ya saki ɗakinsa ya koma kwana da abokai huɗu, ya raba abin da ake ba shi, rabi Irbid, rabi hawa na tara. Gadir kanta ba ta sani ba.

Abu Firas ya hau bene da ƙafa, ya ƙi lif, wataƙila don kada a ga fuskarsa. Kwana biyu bai fita ko masallaci ba. A na uku Mu'ayyad ya bugo wa Umm Firas waya: ya samu aiki a wani kamfanin tashar jiragen ruwa, kuma suna neman dattijon da ya san direbobi, shi kuwa ya ba da sunan Abu Firas.

Ranar Juma'a Abu Firas ya aika a kira kawun da yaron. Bai bari kowa ya taɓa butar gahawa ba, shi ya zuba da hannunsa. Kawun ya karɓa ya ajiye a gabansa kamar wancan karon.

Abu Firas ya ce, "Na ce ba zan ba korarre 'yata ba. To ni ba wanda ya kore ni, da alƙalamina na kori kaina. Wannan yaron ya ɗauki kunyar kwana ɗaya ya rufa wa gida biyu asiri." Ya juya ga Mu'ayyad. "Ka yafe min, ɗana. Ku sha gahawarku."

"Ammi, ai da zafi," in ji Mu'ayyad, yana kiran dattijon baffa da Larabci.

"Sha haka nan, waccan ta huce da yawa."

Daga kicin Umm Firas ta rangaɗa guɗa, Gadir kuwa ta fito ta fara kwance igiyar kwalayen tun baƙi ba su tashi ba.

Girman kai rawanin tsiya ne, 'yan'uwa. Rasa aiki ba laifi ba ne, ba kuma abin kunya ba, wanda ya yi haƙuri ya tsaya kan gaskiya shi ke ganin bayan wuya. Abu Firas yana nan a sabon wurinsa, kuma duk direban da aka miƙa wa takarda, dattijon yakan ce masa ya kai gida 'yarsa ta karanta masa tukuna.