Jarkar Da Ba Ta Cika Ba

Jarkar Dogo ba ta kai rabi ba harbin farko ya tashi.

Dogo shi ne direban 'yan fashin, kuma shi kaɗai ya damu da ciwon motarsu. Lagireto ke yoyo, in ba a ɗura mata ruwa ba, ba za ta kai su kwalta ba. Ya faɗa wa Oga tun a gida, Oga ya ce mota ba jaririya ba ce, ta yi haƙuri. Shi ya sa da Oga da Ƙwaro suka nufi rumfar dillalin shanu da bindigogi cikin buhu, shi ya ɗauki jarka ya tafi wurin tsoho mai tankin ruwa a bakin kasuwa.

Ya san tsohon. Wancan makon da ya zo leƙen asiri, rana ta kusa narkar da shi, tsoho ya miƙa masa kofi, ya ce baƙo ba ya sayen ruwan sha. Yau ma yana ganinsa ya washe baki.

"Ɗana, ka dawo? Ashe garin namu ya yi maka daɗi."

Tau! Tau!

Kasuwa ta watse. Mata, awaki, masu tumatir, kowa ya yi ta kansa. Oga ya fito da jaka a kafaɗa yana harbin kan mai uwa da wabi, wai buɗe hanya yake. Harsashi ɗaya ya huda tanki. Na biyu ya sami tsoho a ƙirji, ya zauna daɓas, tiyo na hannunsa.

Dogo ya tsaya yana kallo. Bai ji tsoro ba, bai ji tausayi ba, bai ji komai ba. Abin da ya lura da shi kawai, ƙasa na shanye ruwan da sauri.

"Kai dalla, ja mu fece!" Ƙwaro ya finciko shi, jarka ta kife. Dogo ya sure ta fanko suka faɗa mota.

'Yan sandan garin su uku ne, motarsu kuwa sai an tura. Sajan bai ta da hankalinsa ba. Ya tsuguna inda 'yan fashin suka ajiye mota, ya ga jan ɗigon tsatsa ya ja layi a yashi, ya ce wa kurtunsa waɗannan ba su da nisa.

Gaskiyarsa. A tsakiyar daji bonet ya fara hayaƙi, mota ta yi tari ta mutu. Ba inuwa, ba rijiya, sai ƙaya da rana.

Oga bai yi zagi ba, abin da ya kamata ya ba Dogo tsoro ke nan. Ya nuna masa wani busasshen rafi, ya ce ya je ya tona, ko Allah zai sa a dace. Dogo ya je. Yana tona yashi da hannu ya ji ƙarar babur na tahowa, sai tsit, sai harbi biyu — babur ya sake tashi.

Da ya dawo, mai babur na kwance a gefen hanya, Ƙwaro na kwance kusa da shi, baki buɗe. Oga da jaka sun yi gaba. Kura dai ba ta rabon nama.

Dogo ya shiga mota ya zauna, ya ɗora hannu a sitiyari mai zafi. A haka 'yan sanda suka same shi. Shi ya miƙa musu hannuwa da kansa.

Ta cikin kasuwa suka mayar da shi. An rufe tsoho da tabarma, 'yarsa na zaune gefe, ba ta kuka, tana korar ƙuda. Inda tanki ya malale har ya bushe, ka ce ba a taɓa zubar da ruwa a wurin ba.

Harshen Dogo ya manne da dasashi. Ya ce, "Yallaɓai, a taimaka min da ruwa."

Sajan ya dube shi, ba fushi a fuskarsa.

"Mai ba baƙo ruwa a garin nan mutum ɗaya ne," ya ce. Ya nuna tabarma da baki. "Ga shi can."