Finjali na Uku a Ƙarƙashin Gadar Dogo

Gidan Ragib yana ƙarƙashin tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Shekara talatin yana gadin layin, har jirgi ya daina bi, ciyawa ta cinye dogo, matarsa Fata ta rasu, 'yarsa Zumreta ta tafi Jamus aikin jinya. Tun daga nan, kullum dab da magariba yakan dafa gahawa finjali biyu, ya hau matakalar ƙarfe, ya ajiye ɗaya a kan dogo, ya sha ɗaya yana ba iska labarin ciwon gwiwarsa. In ya tashi sauka, sai ya tarar da ɗayan wayam. Bai taɓa tambayar wa ke sha ba. Wanda ba shi da kowa, ina ruwansa da tambaya?

Kwatsam hukumar gari ta ce za ta mai da gadar lambun shaƙatawa. Aka tumɓuke dogo, aka sare itatuwan da suka tsiro da kansu, aka kafa fitilu da bencina, aka garƙame matakalar Ragib da kwaɗo.

A makon da aka gama aikin ne Zumreta ta zo hutu. Wata yamma tana murza ƙullin fulawa, rana ta yi ja, unguwa ta yi tsit, sai tsakuwa ta faɗo a kan rufi. Wata ta biyo baya. Ragib ya fita ya tsinci ɗaya: baƙar tsakuwar layin dogo ce, da ɗuminta, alhali an kwashe ta tun tuni. Can sama kuma aka busa usur irin na jirgin da ya daina zuwa.

Da ya dawo, Zumreta na zaune a ƙasa, idanunta kafe. Ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito.

"Ragib, ina finjalina?"

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta runtsa ba, tana ramewa a gaban idonsa. Tsoro ya kama shi ba kaɗan ba, ya je ya ɗauko Hoja Avdo, malamin da ya san irin waɗannan. Hoja ya yi karatu mai tsawo, sannan ya ce, "Kai wane ne?"

"Mazaunin saman gadar nan. Sun cire mini shimfiɗa, sun haske mini ɗaki, masu gajeren wando na ta tsere a kaina. Ina za ni in ba gidan abokina ba?"

"Yarinyar fa, me ta yi maka?"

"Shekara goma sha ɗaya ina sauraron ubanta, ba ni da bakin amsawa. Yanzu na samu baki."

"Za ka kashe ta. Fita!"

"A hankali, Hoja, ni baƙo ne. Ya ba ni gahawar maraba, ya ba ni ta hira, bai taɓa ba ni ta uku ba. Ya dafa ta da hannunsa in tafi. Amma in na tafi, na tafi ke nan."

Kowa a garin ya san ta uku: tsararo ce, ba ƙarfi, wanda aka miƙa wa ya san lokacin neman takalmi ya yi.

Ragib ya sunkuyar da kai. Ya ce a hankali, "Ba za ka saki yarinyar ka zauna a rumfar itace ba? Akwai wuri."

"Ragib, ka ji tsoron Allah!" in ji Hoja.

Ragib ya tashi, ya zuba ruwa a sauran garin gahawar safe, ya tafasa, ya miƙa. Zumreta ta shanye.

"Ba daɗi," in ji muryar. "Ka shafa wa gwiwar nan mai. Sai wata rana, abokina."

Zumreta ta kife. Da ta farka ta dubi ubanta ta ce, "Babo, yunwa nake ji." Ragib ya fashe da kuka, shi kansa bai san wanne yake wa ba, 'yarsa ko abokinsa.

Ranar Lahadi Zumreta ta koma Jamus, lafiyarta ƙalau. Da yamma hannun Ragib ya zuba finjali biyu ba da shawararsa ba. Ya zagaya ta sabuwar matakala, ya zauna a benci cikin masu tura keken jarirai da masu gudu, ya ajiye ɗaya gefensa. Ya zauna har aka kira sallar magariba. Finjalin yana nan cike, ya huce.